Qualla: Inda Masu Ƙasa Suka Sayi Ƙasarsu

Daga Atlanta zuwa garin Ceroki tafiyar awa uku ce a mota, in ba a tsaya shan mai ba. Ƙanina da ke aiki a Atlanta shi ne direba, shi ne kuma ya kawo shawarar zuwa, don farkon watan Oktoba ne, lokacin da ganyen itatuwan duwatsun Karolina ta Arewa ke rikiɗa ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube, Amurkawa kuwa suna son su cika mota da iyali su tafi kallon ganye. Ni ganye bai dame ni ba. Abin da ya ja ni shi ne da ya ce garin na 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda mu da muka tashi da kallon finafinan kaboyi muke kira Indiyawan daji, kuma wai suna da majalisarsu da kotunsu da 'yan sandansu a tsakiyar Amurka.

Muna barin jihar Jojiya hanya ta kutsa tsakanin duwatsu masu lulluɓe da kurmi tun daga gindi har ƙoli, hazo mai shuɗi-shuɗi kwance a kansu. Allunan titi ne suka fara shaida mini mun shigo ƙasar wasu. Kowane suna an rubuta shi sau biyu, da Turanci da kuma wasu haruffa da ido bai saba da su ba. Wasunsu sai ka rantse D ne ko R ko W, amma ƙanina ya ce kada in wahalar da bakina, ba haka ake furta su ba. Sauran kuwa masu lanƙwasa ne da ƙugiya.

Babban titin garin kasuwar baƙi ce. Shaguna ne jere, ana sayar da takalman fata, da sarƙoƙin duwatsu, da kwari da baka na roba, da riguna masu hoton kyarkeci. A kusurwoyi akwai mutum-mutumin beyar masu girman gaske, kowanne da zanen da wani mai fasahar ƙabilar ya yi masa. A gaban wani shago ga bukka mai tsini, ga wani mutum sanye da hular gashin tsuntsu mai saukowa har gadon baya, wata Baturiya da jikokinta suna ɗaukar hoto da shi, suna miƙa masa daloli. Sai dai bukkar nan da hular nan ba na Ceroki ba ne. Kayan ƙabilun filayen yamma ne irin su Lakota, nisan sama da mil 1,000 daga nan. Ceroki manoman masara da wake da kabewa ne, gidajensu na itace ne da yaɓe, manyansu na ƙarni na 19 kuwa rawani suke naɗawa. Shahararren hoton Sequoyah, mutumin da ya ƙirƙiro waɗancan haruffa, da rawaninsa yake, da lofe a baki.

Sana'ar ta samo asali ne bayan an kafa gandun dajin Great Smoky Mountains a 1934, titin da ya ratsa duwatsu daga Tenesi ya faɗo daidai ƙofar garin. Aikin saran katako da maza ke yi ya mutu, motoci suka fara kwarara, kuma baƙon da ya ƙoshi da fim ba ya taka birki don ya ga mutum da riga da wando yana noma. Mutanen gari suka ba shi abin da ya zo nema. Ban ga laifinsu ba. Cinikin ma na 'yan watanni ne. Hunturu na shigowa shaguna su ja ƙofa, rabin gari ya zauna ba aiki har bazara ta zagayo. Gandun nan har gobe shi ne kan gaba wajen yawan baƙi a duk gandayen ƙasar, sama da miliyan 12 a shekarar 2024, amma masu shigar gashin tsuntsu sun ragu ƙwarai. Dalilin raguwarsu yana can gabashin gari, gini ne mai hawa 21, zan zo kansa.

Yadda aka yi mutanen nan suka rage a wurin shi ne labarin da ya fi riƙe ni. A farkon ƙarni na 19 Ceroki sun yi duk abin da Turawa suka ce shi ne wayewa. Sun rubuta tsarin mulki a 1827, sun kafa babban birni a New Echota, sun fara buga jarida da harshensu a 1828. Sai aka tsinci zinariya a yankin Dahlonega na Jojiya. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun gabas zuwa hayin kogin Mississippi. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1832 ta yanke cewa dokokin Jojiya ba su da iko a ƙasar Ceroki, hukuncin ya tsaya a takarda. A wannan shekarar jihar ta yanka ƙasar fuloti-fuloti, ta zuba sunayen fararen fata a ganga mai juyawa, aka yi ta jan ƙuri'a. Wanda sunansa ya fito sai ya tafi ya karɓi gonar wani da gidansa, masarar tana tsaye. A 1835 wasu tsiraru suka rattaba hannu a yarjejeniyar sallama ƙasar ba da yawun shugaban ƙabilar John Ross ba, a 1838 kuma sojojin Janar Winfield Scott suka bi gida-gida. Kimanin mutum 16,000 aka kora yamma, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne wajen 4,000 sun mutu a sansanonin tsarewa da kan hanya. Ita ce ake kira Hanyar Hawaye. Jikokinsu ne ƙabilar Ceroki ta Oklahoma yau, masu rajista a cikinta sun haura 400,000.

Waɗanda na ziyarta jikokin ragowar ne. Wasu, mutanen wani dattijo Yonaguska da ke bakin kogin Oconaluftee, tun yarjejeniyoyin 1817 da 1819 suke zaune a wajen iyakar ƙasar Ceroki, don haka korar ba ta hau kansu kai tsaye ba. Wasu duwatsu suka shige suka ɓuya. Akwai Tsali, wanda iyalinsa suka kashe sojoji biyu a hanyar kai su sansani, aka farauto shi aka harbe shi a Nuwamban 1838, kuma 'yan uwansa Ceroki aka sa suka yi harbin. Waɗanda suka taya farautar aka bar su su zauna. Akwai Junaluska, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Jackson a 1814, amma duk da haka aka kore shi, ya sake takowa da ƙafa ya dawo gida. Kabarinsa na Robbinsville.

Zama a ƙasa daban, mallakarta daban. Dokar jihar ba ta yarda da mallakar Ba'indiye ba. Yonaguska yana da ɗan riƙo Bature, William Holland Thomas, maraya ne da ya tashi yaron shago, ya iya harshen, ya koya wa kansa aikin lauya. Shi ya riƙa sayen filaye da sunansa, da kuɗinsu da nasa, suna zaune a kai. Bayan yaƙin basasar Amurka bashi ya yi masa katutu, hankalinsa ya taɓu, masu bin bashi suka yo kan filayen, sai da aka sha shari'a kafin ƙasar ta tsira. An shata iyakarta a 1876, a 1924 kuma aka yi dokar da ta sa gwamnatin tarayya ta riƙe ta amana, yadda ba mai iya sayar wa bare. Ita ce Qualla, kimanin eka 57,000, ƙabilar kuma tana da mutum wajen 16,000 a rajista. Wani dattijo da muka zauna benci ɗaya da shi a bakin kogi, bayan ya gama kallon yadda nake alwala da ruwan da ke neman tsinke mini yatsu, ya gyara wa ƙanina magana a hankali: nan ba wurin da aka killace su ba ne, saye kakanninsu suka yi.

Akwai abin da baƙar fata ba zai tsallake ba a labarin nan. Thomas yana da bayi, kuma a yaƙin basasa rundunar Ceroki ya jagoranta a ɓangaren Kudu masu kare bauta. Attajiran Ceroki na Jojiya su ma sun mallaki bayi 'yan Afirka, waɗannan bayin kuwa sun taka Hanyar Hawaye tare da iyayengijinsu, ɗauke da kayansu. A Oklahoma sai a 2017 wata kotun tarayya ta tabbatar wa jikokinsu haƙƙin zama 'yan ƙabila. Wanda aka zalunta ba lallai hannunsa ya zama fari tas ba, takardun bayanin da ake raba wa baƙi kuwa ba su cika tsayawa a wannan gaɓar ba.

A kan tudun da ke bayan gari akwai ƙauyen Oconaluftee, wanda aka gina a 1952 don nuna rayuwar shekarun 1760. Na shiga da shakku, don ban cika son wurin da ake ajiye mutane ana kallo ba. Amma masu aikin 'yan ƙabilar ne, kuma aikin gaske suke yi. Ana ƙona cikin gungume da wuta a hankali ana kankarewa har ya zama kwalekwale. Ana gina tukunya da hannu ba tare da injin juyi ba. Wani saurayi ya ɗauki dogon bututun gora, ya zura siririyar kibiya mai gashin ƙaya a gindi, ya hura, sai ƙarar shigarta allo muka ji. Da shi ake harbin kurege da tsuntsu. Matashiyar da ke zagayawa da mu ta zaunar da mu a ɗakin shawara mai kusurwa bakwai, kowace kusurwa ta zuriya ɗaya: Kyarkeci, Barewa, Tsuntsu, Rini, Dogon Gashi, Shuɗi, da Dankalin Daji. Ta ce ɗa zuriyar uwarsa yake bi, gida da gona na mace ne, miji ne ke tarewa, in aure ya mutu kuma kayansa ake fitar masa waje. Kawun yaro na wajen uwa shi ke da alhakin tarbiyyarsa fiye da uban. Ƙanina ya taɓo ni ya ce, "Yaya, kada matarka ta ji wannan." Kusa da ƙauyen akwai dandalin da ake wasan kwaikwayon tarihin korar tun 1950, amma da bazara ake yi, mun tarar an rufe. Shekaru masu yawa Turawa ne ke fitowa a manyan matsayi, an shafa musu jan kwalli a jiki, sai daga baya ƙabilar ta sa aka gyara.

Wanda ke son kayan hannu na gaskiya sai ya wuce shagunan titi ya shiga Qualla Arts and Crafts Mutual, ƙungiyar gama-kai ta masu sana'a da aka kafa a 1946. Kowane kaya da sunan wanda ya yi shi a maƙale. Akwai sassaƙen beyar masu santsi irin salon Amanda Crowe, wadda ta shafe kusan shekara 40 tana koyar da sassaƙa a makarantar garin, har yawancin masassaƙan yau ɗalibanta ne ko ɗaliban ɗalibanta. Amma kwanduna ne suka tsayar da ni. Ana saƙa su da tsagin farin itacen oak, ko jijiyar wata yaɗiya, ko gorar bakin kogi, a rina da sassaƙe da saiwoyi: baƙi da ruwan ƙasa daga itatuwan gyaɗar daji, ja-ja daga wata saiwa mai jini. Gwanin cikinsu shi ne mai ruɓi biyu. Masaƙiya za ta fara daga gindi ta hau har baki, sannan ta lanƙwaso tsagin ta sauko ta waje, kwando biyu ɗaya cikin ɗaya ba tare da an yanke ba, zanen ciki daban na waje daban. Na juya takardar kuɗin wani ɗan madaidaici, na mayar da shi a hankali da hannu biyu. Ɗaruruwan daloli ne, manyan kuwa sun haura 1,000. Matar da ke kula da wurin ba ta ji haushi ba. Ta ce saƙar ita ce mai sauƙi. Wahalar tana wajen nemo gorar, da tsagawa, da ferewa da wuƙa har ta yi laushi. Gorar da a da ta rufe bakin kogunan kudu maso gabashin Amurka noma da kiwo da gine-gine sun cinye kusan dukkanta, yanzu dasa ta ake yi da gangan don kada sana'ar ta rasa abin aiki. Akwai dokar tarayya ta 1990 da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa alhali ba su suka yi ba, shi ya sa kayan roban kan titi ba sa faɗin ko su wane ne.

Abinci kuwa sai Musulmi ya yi tambaya. Na ci burodin wakensu, ƙullun masara ne da dafaffen wake a ciki, a naɗe a ganye a dafa a ruwa, kusan alala sai dai ya fi ta tauri kuma ba gishiri. A al'ada kitsen alade ake kwarara masa, don haka na ce a ba ni gaya. Da soyayyen kifin tirawut na haɗa. Ƙabilar na da wurin ƙyanƙyasar kifin, tana zuba shi a rafukan da tsawonsu ya kai mil 30, masunta daga jihohi su sayi lasisi a hannunta, ba a hannun jiha ba.

Da dare ƙanina ya ce mu leƙa gidan caca. Na harare shi. "Yaya, ba bugawa za mu yi ba. Ka zo ganin tattalin arzikinsu, to ga shi can." Gaskiyarsa. Harrah's Cherokee mallakin ƙabilar ne, kamfanin Caesars ke gudanar da shi. An buɗe shi a Nuwamban 1997, bisa dokar tarayya ta 1988 da ta tsara yadda ƙabilu za su yi harkar caca a ƙasarsu. Yau otal ɗinsa na da ɗakuna sama da 1,800, ma'aikata dubbai, da yawansu ma ba Ceroki ba ne, fararen fatan ƙauyukan kewaye ne da ke zuwa aiki wurin ƙabilar. A ciki ba dare ba rana. Injuna ne layi-layi suna walƙiya suna kiɗa, a gabansu akasari tsofaffi, wata da sandar dogarawa a jingine, tana danna maɓalli ba ta ko ƙiftawa. Ban ga mai dariya ba. Da muka fito na tsaya karanta lambobin motoci, Jojiya ta fi yawa a layin da muka bi. A jihar Jojiya babu gidan caca, shi ya sa a 2015 ƙabilar ta buɗe na biyu kusa da Murphy, daf da iyaka, don rage wa mutanen Atlanta nisa. Jihar da ta raba ƙasar Ceroki da ganga mai juyawa, yau jikokinta ne ke tuƙo mota su kawo wa Ceroki kuɗin fanshonsu a gaban wata gangar.

Ribar kashi biyu ake yi. Rabi ya tafi ayyukan gwamnatin ƙabila, rabi a raba wa kowane mai rajista daidai wa daida, sau biyu a shekara, Yuni da Disamba, jariri da tsoho. Rabon yara ajiye shi ake yi ana juyawa har su girma. Da farko dunƙule ake miƙa wa matashi, aka ga yadda ɗan shekara 18 ke yi da makudan kuɗi, mota da abokai da abin da ya fi haka muni, sai majalisa ta mayar da biyan kashi-kashi. Shiga rajistar ba wasa ba ne: sai kana da kaka a jerin sunayen 1924, kuma jininka na ƙabilar ya kai kashi ɗaya cikin 16.

Wannan rabo ya ba masana abin da ba su nema ba. A 1993 Jane Costello ta Jami'ar Duke ta fara bibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara 1,420 a yammacin jihar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu Ceroki. Ana cikin binciken kuɗi suka fara shiga gidajen Ceroki, maƙwabtansu Turawa talakawa kuwa ba su samu ba. Zuwa 2001 rabon ya kai wajen dala 6,000 ga mutum a shekara. Sakamakon da ta fitar a 2003 ya nuna yaran da iyayensu suka fita daga talauci matsalolin ɗabi'arsu, irin su taurin kai da faɗace-faɗace, sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100, har suka yi daidai da yaran da ba su taɓa talauci ba. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne iyaye sun sami sararin sa ido a kan 'ya'yansu. Binciken da ya biyo baya ya nuna yaran gidajen da suka fi talauci sun fi daɗewa a makaranta, iyayen kuma ba su ajiye aiki don an ba su kuɗi ba. Duk mai gardama a kan ko ba talaka kuɗi a hannu lalata shi yake yi, da wuya ya kauce wa wannan garin.

Mun yi musu a mota. Na ce caca caca ce, kowace dala da ta gina musu aji wani ne ya yi asararta, wataƙila waccan tsohuwar. Ya ce to in nuna masa abin da aka bar musu: ƙasar noman an ƙwace, katakon ya ƙare, duwatsun da suka rage an mayar gandun gwamnati. Ya lissafa mini sabuwar harabar makarantunsu ta 2009, da asibitin da suka buɗe a 2015, wanda su ke gudanar da abinsu, da kuɗin karatun jami'a da ake biya wa 'ya'yansu. Na ce duk na gani, kuma ba zan kira haram halal don ta gina asibiti ba. Ya ce ai ba fatawa suka nema a wurina ba. A nan muka bar ta. Su kansu shugabannin sun san ƙwan nasu a kwando ɗaya yake. A 2021 ƙabilar Catawba ta buɗe nata gidan cacar a Kings Mountain kusa da Charlotte, duk da ƙarar da Ceroki suka shigar, a shekarar kuma Ceroki suka sayi harkar wani gidan caca a Indiyana kan dala miliyan 250. A 2023 suka kaɗa ƙuri'ar halatta wiwi ga manya, a 2024 suka buɗe kantin sayar da ita a tsohon zauren wasan bingo, alhali a sauran jihar laifi ce. Wannan kam ko ƙanina bai kare shi ba.

Wani fili da ƙabilar ta saya shi ya fi ba ni sha'awa. Tsakanin Ceroki da Bryson City, a bakin kogin Tuckasegee, akwai wani fili shimfiɗaɗɗe da ake kira Kituwah. Duk Ceroki, har na Oklahoma, sun ɗauke shi uwar garuruwansu. A nan wutarsu mai tsarki take, daga nan ake ɗibar garwashi a kai sauran garuruwa. Sojojin Ingila sun ƙone shi a 1761, daga baya ya faɗa hannun manoma Turawa, garma ta yi ta bi ta kan tudun da ɗakin shawara yake har ya koma ɗan tsibi da bai wuce tsayin mutum ba. A 1996, zamanin Joyce Dugan, mace ta farko da ta shugabanci ƙabilar, suka saye shi, eka 300 da 'yan kai. An kawo shawarwarin gina wuraren jan baƙi a kai, sai binciken ƙasa ya nuna kaburbura ne a ƙarƙashi, aka bar shi. Mun tarar da shi haka: ciyawa, gonakin masara da 'yan ƙabila ke nomawa, wata tsohuwar rumfa, mata biyu suna zagaye don motsa jiki. Ba mai sayar da tikiti. Washegari muka hau ƙololuwar gandun, mita 2,025, iska na yanka kunne. Tun 1859 take ɗauke da sunan Thomas Clingman, wanda ya zama janar a rundunar Kudu, sai a Satumban 2024 hukumar sunayen wurare ta Amurka ta mayar mata da sunanta na asali, Kuwohi, bayan fafutukar da wasu mata biyu 'yan ƙabilar, Lavita Hill da Mary Crowe, suka faro. A hanyar saukowa manyan bareyin nan masu rassan ƙaho, waɗanda aka dawo da irinsu gandun a 2001, suka tare titi, motoci suka yi cirko-cirko.

Harshe ne kuɗi suka kasa sayowa da sauri. Sequoyah maƙerin azurfa ne da bai iya karatun Turanci ba, ya kammala haruffansa a 1821, alama 85 da ake amfani da su yau, kowacce gaɓa guda, ya gwada wa dattawa da 'yarsa ƙarama har suka yarda ba tsafi ba ne. Cikin 'yan shekaru karatu ya game ƙabilar. Abin da sojoji ba su kashe ba makarantar kwana ta kashe. Tun daga shekarun 1880 har zuwa 1954 ana kwasar yara, a aske su, a hukunta wanda aka ji yana harshen uwarsa, har da wanke baki da sabulu. Waɗannan yaran da suka zama iyaye sai suka ƙi koya wa nasu, don kada su sha abin da suka sha. Yau waɗanda suka tashi da harshen a Qualla ba su kai 200 ba, kusan duk tsofaffi, kowane hunturu kuma ana jana'iza. A 2004 aka fara shirin da ya zama makarantar New Kituwah, inda ake rainon yara da koyar da su cikin harshen zalla, a 2019 kuma ƙabilun Ceroki uku, ta Qualla da biyu na Oklahoma, suka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Matsalar ita ce yaro ya tashi daga aji ya koma gidan da uwa da uba Turanci suke yi. Na ji "siyo" na gaisuwa da "sgi" na godiya a bakin kowa. Doguwar hira da harshen kuwa sau ɗaya ta shiga kunnena, tsakanin wasu tsofaffi a filin baje kolin shekara.

Bikin nan na Oktoba ya haura shekara 100, kuma a lokacinsa ake ƙwallon sanda, wasan da suke wa kirari da ƙanin yaƙi, don a da da shi garuruwa ke raba gardama maimakon zubar da jini. Unguwanni ne ke karawa, irin su Big Cove da Wolftown da Birdtown. Maza ne ba riga ba takalmi, gajeren wando kawai, kowa da sanduna biyu masu ɗan raga a baki. Suka jeru daga nesa suna tahowa suna kururuwa, ɗaya ɓangaren na amsawa. Ƙwallon ɗan mitsitsi ne na fata. Da sanda ake ɗaga shi daga ƙasa, daga nan ko a hannu ko a baki, gudu kawai, sai an zagaya rassan da aka kafa a ƙarshen fili. Wanda ya fara cin 12 shi ya yi nasara. Sauran duk kokawa ce. Ana ɗaga ƙato a maka shi da ƙasa, biyu na can gefe suna murƙushe juna ƙwallon ma ya yi nisa, masu tsawatarwa na bi da tsumagiya suna nuna inda ya faɗi. In an ji wa mutum ciwo ya fita, abokin karawarsa ma fita yake yi. Tsofaffin mata da ke kan kujerun naɗewa su suka fi kowa ihu, wata na kiran sunan jikanta tana faɗa masa abin da ba sai an fassara ba. Baƙi 'yan kaɗan ne, mu ma ƙa'idojin a bakin wani mai goye da yaro a kafaɗa muka tsinta, yana ba mu amsa idonsa na fili. Da aka tashi 'yan wasan suka nufi kogi, yadda al'ada ta tanada kafin wasa da bayansa, wannan ɓangaren kuma ba na 'yan kallo ba ne. Ƙanina ya duba agogo ya ce yana da aiki da sassafe, muka nemi inda muka ajiye mota.